Waiwaye: Mai Alheri ko Hukuma, Wa ke Sauke wa Mai Bashi Kaya?

A watan Mayun 2019, attajirin Amurka Robert Smith ya miƙe a bikin yaye ɗaliban kwalejin Morehouse ya ce ya ɗauke bashin karatun duk waɗanda suka kammala a shekarar, kimanin mutum 400. Kuɗin ya kai wajen dala miliyan 34. A Yunin 2023 kuwa, Kotun Ƙolin ƙasar ta soke shirin Shugaba Joe Biden na yafe wa miliyoyin mutane dala 10,000 zuwa 20,000 daga bashin karatunsu, bisa hujjar cewa doka ba ta ba shi wannan hurumin ba. Attajiri ya yi nasa ba wanda ya ce masa uffan, hukuma ta yunƙura aka taka mata birki. Sai dai ɗalibin da ya gama Morehouse a 2018 da bashinsa ya koma gida, don rabonsa bai faɗo a ranar ba.

Ba yau aka fara wannan ja-in-ja ba. Sarakunan Babila, irin su Hammurabi, kan yi shelar soke bashin manoma da 'yanta waɗanda bashi ya mayar bayi. Ba tausayi kaɗai ne ya sa su ba: manomin da ya zama bawan wani ba ya biyan haraji, ba ya fita yaƙi. A birnin Atina na Girka ma, mai tsara dokoki Solon ya haramta bautar da ɗan ƙasa kan bashi wajen shekara ta 594 kafin Miladiyya. Attaura ta yi umarnin yafe bashi duk shekara bakwai, amma masu hali suka riƙa noƙewa da ba da rance idan shekarar ta ƙarato, har malamin Yahudawa Hillel ya fito da hanyar miƙa bashin ga kotu don kada ya faɗi. Wannan fargaba ce masu adawa da yafiyar gwamnati ke ɗagowa har gobe.

A Musulunci an haɗa hanyoyin biyu. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta nemi a saurara wa wanda ke cikin ƙunci, ta ce yafewa ta fi alheri. Aya ta 60 ta Suratut Tauba kuma ta sa masu bashi cikin mutum takwas da ake bai wa zakka, wadda haƙƙi ce da hukuma ke tarawa, ba kyautar ganin dama ba. Da farko Annabi (SAW) ba ya sallatar mamacin da ya bar bashi ba abin biya, sai wani ya ɗauki nauyin, kamar yadda Abu Ƙatada ya taɓa yi. Da Allah ya kawo buɗi, sai ya ce duk muminin da ya rasu da bashi, biyan yana kansa. Nauyin ya tashi daga wuyan mai alheri ya koma kan shugaba.

Tarihin Ingila ya fi tsaya mini a rai. A 1772 aka kafa wata ƙungiya a Landan, James Neild na cikin jagororinta, mai biyan ƙananan basussuka don fito da mutane daga kurkuku. Ta fitar da dubbai, kuma kowannensu mutum ne mai iyali da ya koma gida. Amma ana fitar da wasu ana zuba wasu, kusan shekara ɗari, sai da dokar 1869 ta kawo ƙarshen yawancin ɗauri kan bashi. Abin da sadaka ba ta iya yi ke nan: ba ta canza ƙa'idar da ke jefa mutane cikin ramin.

Hannun hukuma ma ba ya kai wa ko'ina. Indiya ta sanar da yafe wa manoma bashin rupi biliyan 600 a 2008, amma bashin banki kawai ya shafa. Talakan da ya ci bashi a hannun masu ba da rance da ruwa bai ga komai ba.

Yanzu iyakar da ke tsakanin mai alheri da hukuma ta fara shafewa. Ƙungiyar RIP Medical Debt (sunanta ke nan kafin ta canza shi a 2024), wadda wasu tsofaffin masu aikin karɓo wa kamfanoni bashi su biyu suka kafa a Amurka a 2014, tana sayen bashin asibiti a kan kusan santi ɗaya kowace dala, sannan ta yafe. A 2022 gundumar Cook ta jihar Illinois ta ware dala miliyan 12 na kuɗin gwamnati don ƙungiyar ta yi mata wannan aikin. Sai wani bincike da aka fitar a 2024, kan mutum sama da 83,000 da aka yafe wa dala miliyan 169, ya nuna cewa a jimlace yafiyar ba ta gyara lafiyar ƙwaƙwalwarsu ko halin aljihunsu ba. Abin ya yi mini ciwo, amma ban yi mamaki ba. Bashin da ake sayarwa da arha haka shi ne wanda mai binsa ya riga ya fid da rai, kuma kafin a kai nan, mara lafiyan ya daɗe da shan wahalarsa.