Lambar mota mai sunanka ba ta bin motar idan ka sayar

An daɗe ana cewa a Sakkwato: "In ka sayar da mota, lamba ta bi ta." Masu faɗar haka suna da dalili, don a da lamba takan zauna jikin mota har ta tsufa. Amma a tsarin rajista na yanzu, lambar tana ɗaure da sunan mai ita ne, ballantana ta musamman da mutum ya biya kuɗi aka buga masa sunansa ko sarautar gidansu.

Don haka ka kwance farantan lambar biyu, na gaba da na baya, kafin ka miƙa makulli. A rubuta cikin takardar ciniki cewa ba a haɗa da lamba ba, a sa lambar chassis, wato wadda kamfani ya buga a jikin mota, mai haruffa da alƙaluma 17, shaidu su sa hannu. Mai saye ya yi rajistar tasa.

Idan mota ta riga ta tafi da lambarka, nemi mai sayen ta hannun dillali ko shaidun cinikin ya dawo maka da ita. Ya ƙi bayarwa? Ɗauki kwafin takardar ciniki, takardar mallaka da katin shaidarka zuwa ofishin rajistar motoci. Kada a yi jinkiri, domin mota kan sauya hannu da sauri, yau tana cikin gari, jibi tana Illela, bakin iyakar Nijar. In ta buge wani ta gudu, sunanka za a gani.

Mai shakka ya je wannan ofishi ya tambaya sunan wa ke kan lambar.

Don Allah a tura wa 'yan uwa masu shirin sayar da mota.