Kada ba ƙaton ƙadangare ba ne

A majalisunmu na Agege da Idi-Araba a Legas an daɗe ana cewa kada ɗan'uwan guza ne, ƙadangaren da ya girma a ruwa. Kama ce ta jawo haka. Amma binciken ƙasusuwa da ƙwayoyin halitta ya nuna tsuntsaye ne dangin kada mafi kusa cikin dabbobi masu rai. Zuciyarsa ɗaki huɗu gare ta kamar ta kaza, ta ƙadangare kuwa uku. Macen kada tana gadin ƙwanta, 'ya'yan kuma suna kuka tun cikin ƙwai don ta tono su.

Ku duba da kanku: guza yana zaro harshe mai baki biyu, na kada a manne yake da ƙasan baki. Don Allah ku tura wa 'yan'uwa wannan bayani.