Buga Hoton da Zai Daɗe a Bango: Tambayoyi Kan Shago da Takarda

Me zan fara tambayar mai shago?

Irin tawadarsa. Tawadar rini tana fitowa shar, amma rana tana cinye ta. Hoton baje koli ko na sayarwa, irin wanda ɗaliban zane na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ke ratayewa a Samaru, Zariya, yana buƙatar tawada mai garin launi, wadda masu injin ke kira figment. Tambayi sunan injin: Epson SureColor P900 da Canon imagePROGRAF PRO-1000 duk irin wannan ne, kuma suna buga faɗin inci 17. Injin buga banar siyasa ba na wannan aiki ba ne, komai arharsa. In babu a kusa, gara a aika Kaduna, Abuja ko Legas.

Wace takarda ta fi?

Hoton ne zai nuna. Ginin ƙasa da zanen bango na cikin birni suna son takardar auduga marar sheƙi, kamar Hahnemühle Photo Rag mai nauyin giram 308, domin tana fito da kaushin yaɓe kuma ba ta ƙyalli a ƙarƙashin fitila. Sai dai baƙinta ba ya yin zurfi sosai, kuma farce kaɗan ya isa ya karce ta. Hawan sallah kuwa, da jan rawunan dogarai da kayan dawaki, ya fi kyau a takarda mai ɗan sheƙi da ake kira barita, haka ma hoton baƙi da fari. A kula da takarda mai fari fat: sau da yawa sinadarin ƙara fari aka sa mata, in ya gaji sai ta koma fatsi-fatsi.

Yaya zan kai hoton?

A filasha ko imel, a matsayin TIFF, wato nau'in fayil ɗin hoto da ba ya rage ingancinsa. WhatsApp yana matse hoto in ba a tura shi a matsayin fayil ba. A3 a kan fiksel 300 kowane inci yana buƙatar hoto mai fiksel 3508 sau 4961.

Me ya sa bugun yake fitowa da duhu?

Allon kwamfuta ne ya cika haske, sai a gyara hoton a kansa. Rage hasken zuwa kusan kandela 120 a kowace murabba'in mita (ma'aunin hasken allo ke nan), sannan ka nemi fayil ɗin ICC na wannan inji da wannan takarda, wato fayil ɗin da ke gaya wa kwamfuta yadda launi zai fito a kansu. Kada ka biya kuɗin babba sai an buga maka gwaji a A4 ka duba a bakin taga.

Bayan an buga fa?

Bar shi a shimfiɗe awa 24, ka rufe da takarda mai tsabta saboda ƙurar hunturu. Wajen firam, a sa kwali marar asid tsakaninsa da gilashi, in ba haka ba laimar damina za ta manne su.