Waya da tauraron ɗan'adam kai tsaye: me dokar zangon rediyo ta ce?

An ƙera wayar salula ne don ta yi magana da turken sadarwa mafi kusa da ita. Yanzu kamfanoni sun fara haɗa wannan wayar, yadda take ba tare da an ƙara mata komai ba, da tauraron ɗan'adam da ke shawagi ɗaruruwan kilomitoci a sama. A watan Afrilun 2023 kamfanin AST SpaceMobile ya yi kiran murya ta wannan hanya da irin wayar da kowa ke saya a kasuwa. A Janairun 2024 SpaceX ya harba taurarin Starlink na farko da aka ƙera don wannan aiki, kuma a Yulin 2025 kamfanin waya na T-Mobile ya fara sayar wa jama'a sabis ɗin a Amurka. Fasahar dai ta tabbata. Doka ce ba ta gama zama ba, kuma duk wanda zai dogara da wannan sabis a daji ko a teku ya kamata ya san a kan me yake tsaye.

Tushen maganar shi ne zango. Duk na'urar da ke aika saƙo ta iska, rediyo ce ko talabijin ko waya ko na'urar da ke yi wa jirgin sama jagora, tana da zangon da take aiki a kai. Idan na'urori biyu suka hau zango ɗaya a wuri ɗaya, sai su dagula wa juna, kowa ya rasa. Sigina kuma bai san iyakar ƙasa ba. Wannan ya sa tun 1906, a wani taro a birnin Berlin, ƙasashe suka fara rubuta ƙa'idojin rediyo na bai ɗaya. Ƙa'idojin suna nan har yau a hannun Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, mai hedikwata a Geneva, kuma yarjejeniya ce da ta hau kan ƙasashen da suka amince da ita. Bayan kowace shekara uku zuwa huɗu ana yin babban taro a yi musu gyara.

A sashe na 5 na ƙa'idojin akwai wani dogon jadawali da ya raba zanguna bisa aiki: wannan na watsa shirye-shirye, wannan na jiragen sama, wannan na wayar hannu, wancan na taurari. An kasa duniya gida uku. Yanki na ɗaya ya haɗa Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya da ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet, na biyu nahiyar Amurka, na uku sauran Asiya da Ostireliya da tsibiran da ke kewaye. A kowane zango akwai aikin da ke da fifiko, akwai kuma na biyu a daraja, wanda dole ya kauce idan ya dami na farko.

Daga nan sai kowace ƙasa ta ɗauka. Ita ke bai wa kamfanonin waya lasisi a kan zangunan da aka ware musu, sau da yawa ta hanyar gwanjo, kuma kuɗin ba na wasa ba ne. A gwanjon zangon 5G na 2019 Jamus ta karɓi sama da Yuro biliyan 6 da rabi. A Amurka, gwanjo ɗaya da aka kammala a 2021 ya tara kimanin dala biliyan 81. Abin da kamfani ya saya da wannan kuɗi shi ne tabbacin cewa ba wanda zai hau masa zango.

To, a nan ne sabuwar fasahar ta ci karo da tsohon jadawali. Jadawalin ya ɗauki sadarwar waya ta turaku a matsayin aiki guda, sadarwar waya ta tauraro kuma wani aikin daban, kowanne da zangonsa. Ba a rubuta shi da tunanin cewa wata rana tauraro zai yi aikin turke ba.

Kamfanoni sun bi hanya biyu. Ta farko ba ta da rigima sosai. Lokacin da Apple ya fito da saƙon neman agaji ta tauraro a kan iPhone 14 a Nuwamban 2022, ya yi amfani da taurarin kamfanin Globalstar da zangon da dama can na taurari ne. Doka ta san da wannan, sai dai dole a ƙera wayar da kayan da za su kama zangon, don haka tsofaffin wayoyi ba sa ciki. Hanya ta biyu ita ce tauraro ya yi amfani da zangon kamfanin waya na ƙasa, wanda wayoyin da ke hannun mutane suka riga suka iya. Ita ce ta fi jan hankali, domin ba sai an sayi sabuwar waya ba, kuma ita ce jadawalin duniya bai tanada ba.

Ƙofar da ake shiga ta ita ce sashe na 4.4 na ƙa'idojin ITU. Ma'anarsa a taƙaice: ƙasa tana iya ba da izinin amfani da zango saɓanin jadawali, amma bisa sharaɗi biyu. Kada ya dagula wa mai aiki bisa ƙa'ida, kuma idan shi aka dagula masa, ba shi da bakin neman kariya. Idan aka kawo ƙorafi cewa ya dami wani, dole ya kawar da matsalar nan take. An daɗe ana amfani da wannan sashe wajen gwaje-gwaje da ƙananan ayyuka. Yau kuwa ana ɗora masa ɗaruruwan taurari da sabis ɗin da mutane ke biya duk wata. Kayan aro ba ya rufe katara. Sabis ɗin da aka ce zai ceci rai a inda babu turke yana zaune ne a kan izinin da ƙorafin wata maƙwabciyar ƙasa zai iya rage masa ƙarfi ko ya kashe shi a wani yanki, kuma a ganina wannan bai kamata ya ɗore ba.

Amurka ce ta fara rubuta cikakken tsari. A ranar 14 ga Maris 2024 hukumar sadarwarta, FCC, ta amince da ƙa'idar cike giɓin sabis daga sararin samaniya. Kamfanin tauraro ba zai hau zangon waya da kansa ba, sai ya karɓe shi haya daga kamfanin da ke riƙe da lasisi. Dole kuma masu lasisin wannan zango a duk faɗin yankin su kasance cikin yarjejeniyar, domin hasken siginar da tauraro ke jefowa ƙasa yana da faɗi, ba zai tsaya daidai kan iyakar lasisin wani ba. An sa aikin tauraron a daraja ta biyu, ƙasa da turaku. Sannan an wajabta cewa kiran gaggawa ko saƙon gaggawa da ya bi ta tauraro ya isa wurin masu kai ɗauki. Wannan na ƙarshe ya fi muhimmanci a wurina, domin mai kira daga inda babu sabis yawanci ba hira ya kira yi ba. A Nuwamban 2024 hukumar ta bai wa SpaceX da T-Mobile lasisi ƙarƙashin wannan tsari.

Amma lasisin Amurka a Amurka ya tsaya. Sashe na 18 na ƙa'idojin ITU ya ce ba a kafa ko sarrafa tashar aika saƙo sai da lasisin gwamnatin ƙasar da abin ya shafa, kuma wayar da ke aika saƙo zuwa tauraro tasha ce a idon doka. Saboda haka tauraro yana iya wucewa ta saman kowace ƙasa, amma sayar da sabis a cikinta sai da yardarta. Shi ya sa za ka ga waya iri ɗaya tana kama tauraro a wata ƙasa, ta tsallaka iyaka ta daina. Wasu ƙasashen ma sun tsananta. A Indiya, shiga da wayar tauraro ba da izini ba laifi ne, kuma an sha kama matafiya a kansa. Gwamnatoci suna da dalilansu na tsaro da haraji da sanin wanda ke riƙe da layi. Ni dai ina ganin neman yardar ƙasa daidai ne, matuƙar ba a mai da shi hanyar toshe bakin jama'a ba.

Akwai kuma masu nazarin sararin samaniya, waɗanda ke kafa na'urorinsu a wurare masu nisa da turaku don su saurari sigina mai rauni ƙwarai. Nisa ne ya kare su shekara da shekaru. Tauraron da ke haskowa daga sama bai bar musu wannan kariya ba.

Kada kuma a ɗauka tauraro zai maye gurbin turke. Haskensa guda yana rufe yanki mai faɗi, kuma duk wanda ke ciki rabon ƙarfi ɗaya suke yi, shi ya sa aka fara da saƙon rubutu. A cikin gini ma da wuya ya kama. Ƙungiyar kamfanonin waya ta duniya, GSMA, ta ƙiyasta a rahotonta na 2024 cewa kimanin kashi 4 cikin ɗari na mutanen duniya ne ke zaune inda babu intanet na waya, yayin da sama da mutum biliyan 3 ke da sabis a kusa amma ba sa amfani da shi, galibi saboda tsadar waya da rashin iya aiki da ita. Tauraro zai taimaki rukunin farko. Na biyu ba zango ne matsalarsu ba.

Babban taron gyaran ƙa'idojin ITU da aka yi a Dubai a ƙarshen 2023 ya sa wannan batu a ajandar taro na gaba, na 2027, a matsayin batu na 1.13. Za a duba ko a bai wa taurari gurbi na dindindin a zangunan waya da ke tsakanin kusan megahaz 700 da 2,700, da kuma iyakar ƙarfin siginar da tauraro zai iya jefawa a ƙasar da ba ta gayyace shi ba. Wannan iyakar ƙarfi ita ce ainihin abin da za a yi ja-in-ja a kai, kuma ƙasashen da ke da faɗin ƙasa da ƙarancin turaku su suka fi kowa buƙatar tura injiniyoyinsu tun a matakin nazari, kafin masu taurari su gama rubuta lissafin. Manyan kamfanonin ba su zauna jira ba: a Satumban 2025 SpaceX ya sanar da sayen zanguna daga kamfanin EchoStar a kan kimanin dala biliyan 17, don ya samu nasa na kansa. Ko an cimma matsaya a 2027, ba nan take za ta fara aiki ba. Yawancin gyare-gyaren taron 2023 sai a ranar 1 ga Janairun 2025 suka fara aiki.