Ruwan Sama a Hamada: Yadda Ƙorama Ke Tsayar da Matafiya a Hanyoyin Agadas

Duk wanda zai ratsa hamada, ƙishirwa yake tsoro. Jarkokin ruwa yake fara lissafawa tun kafin ya tambayi kuɗin mota. Shi ya sa in ka ce masa ruwan sama ya tare hanyar Arlit, ko motocin albasa sun kwana a bakin ƙorama ba su shigo Agadas ba, sai ya ɗauka zolayarsa kake yi. Alhali daga Yuli zuwa Satumba wannan shi ne babban abin da direbobin arewacin Nijar ke kwana da shi a rai. Ga tambayoyin da mutane suka fi yi a kan lamarin.

Wai ana ruwa a hamada har ya kai ga tare hanya?

Ana yi, sai dai ba irin na Kano ko Maraɗi ba. A Agadas ruwan shekara gaba ɗaya bai cika wuce milimita 150 ba, Kano kuwa takan samu ninkin haka sau biyar ko fiye. A Bilma, in aka daidaita shekaru, abin da ke sauka bai kai milimita 20 ba, wata shekarar ma ko ɗigo ba a gani. Amma yadda yake zuba shi ne abin dubawa. Babu marka mai sauka a hankali kwana da kwanaki. Hadari ne zai haɗu da la'asar, ƙura ta riga shi isowa, sannan ya juye rabin rabon shekara cikin awa ɗaya ko biyu.

A yi lissafi kaɗan. Milimita 1 ta ruwa a kan fili mai murabba'in kilomita 1 lita miliyan 1 ce. To ka ɗauka milimita 30 ta sauka a kan duwatsu masu faɗin murabba'in kilomita 100: lita biliyan 3 ke nan, kuma dukkansa hanyar gangara yake nema a lokaci guda. Duwatsun Abzin dogaye ne, ƙololuwarsu a tsaunin Bagzan ta kai mita 2,022, kuma yawancin jikinsu tsurar dutse ne, ba ciyawa, ba jijiyar itace da za ta rage wa ruwa gudu.

Amma ai rairayi yana shanye ruwa, ko ba haka ba?

Nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, don sun ɗauka hamada duk rairayi ce. Ƙasa iri uku matafiyi ke takawa, kuma kowace da yadda take karɓar ruwa.

Rairayin Tenere, wanda ake bi zuwa Fashi da Bilma da Dirku, yana shan ruwa ƙwarai. Direba ma murna yake yi in an ɗan yi yayyafi, domin rairayin yakan danƙare, taya ta daina nutsewa, mota ta huta da shan mai. Dutse kuwa ba ya sha ko kaɗan, mirgino shi yake yi cikin kwari.

Ta ukun ita ce mugu: laka. Yamma da Agadas, wajen Ingal da Tegidda, akwai shimfiɗaɗɗen filin Irhazer, inda ruwan da ya gangaro daga Abzin ke zuwa ya bazu. Da rani ƙasar nan ta bushe ta tsattsage, mota na gudu a kanta kamar a kan kwalta. Da ta sha ruwa sai ta koma taɓo mai danƙo, ya cike zanen taya har ta zama sumul, tana juyawa a wuri ɗaya tana haƙa wa kanta rami. Abin da ya fi cutarwa shi ne bayan kwana biyu rana takan busar da saman, ya yi ɓawo, ka duba ka ce ai hanya ta gyaru. Kana hawa ɓawon ya fashe, motar ta zauna a kan cikinta. Mota mai kaya in ta kafe a irin wannan wuri, shebur da jak kaɗai ba sa fitar da ita, sai an sauke kaya kakaf, wani lokaci sai wata motar ta zo ta ja. Makiyayan da ke haɗuwa a Ingal wajen Satumba don dabbobinsu su lashi gishiri sun san wannan ƙasa sarai, kuma raƙuminsu na wuce inda mota ta gaza.

Yaya ruwa zai cim ma mutum alhali sama garau take, ba hadari?

Domin ruwan da ke cin matafiyi sau da yawa ba a kansa aka yi shi ba. An yi shi can kan duwatsu, tazarar kilomita hamsin ko fiye, tun da dare ko da asuba, yana tafe cikin ƙorama kai ba ka sani ba. Mutanen Nijar suna ce wa irin wannan busasshen rafi kori. Wata goma a shekara babu komai cikinsa sai rairayi mai laushi da inuwar itatuwa.

Sauti ne ke fara zuwa, wani gunji daga nesa kamar na gingimari tana hawa tudu. Sai iska mai sanyi da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Can sai ka hango bakin ruwan yana tahowa, ja-ja-wur kamar kunun kanwa, yana ture kumfa da ƙirare da kashin awaki a gabansa. Na farkon bai fi ya rufe idon sawu ba, yara ma sukan bi shi da gudu suna ihu. Kafin ka gama shan shayi kofi ɗaya ya kai ƙugu, kana jin duwatsu suna gwaruwa da juna a ƙarƙashinsa, gaɓar ƙoramar tana zaftarewa gaɓa-gaɓa tana faɗawa ciki.

Wannan ne ya sa tsofaffin direbobi da madugai ba sa yarda a kwana cikin ƙorama da damina, komai daɗin rairayinta da inuwarta. Baƙo zai ga wurin shimfiɗa tabarma mai kyau. Ɗan gari zai ce masa, "Malam, hau tudu ka kwanta."

To me ya sa hanyoyin suke bin cikin ƙorama tun farko?

Babu wata hanyar. A cikin Abzin ƙorama ita ce kaɗai shimfiɗar da mota za ta iya bi tsakanin duwatsu, kuma a bakinta rijiyoyi suke, da garake, da garuruwa. Timiya da Tabelot da Iferwan duk a kan ruwan ƙorama suke rayuwa. Albasa da dankali da lemun da ake lodi zuwa Agadas daga nan suke fitowa. Birnin Agadas kansa ruwan da ƙoramar Telwa ke cusawa ƙarƙashin ƙasa ya daɗe yana sha.

Ko kwaltar da ta taso daga Tawa ta bi Abalak da Agadas zuwa Arlit, wadda aka yi saboda jigilar yuraniyom, ba ta tsira ba. A wurare da dama babu gada, shimfiɗar kankare ce kawai aka yi a ƙasan ƙorama don ruwa ya bi ta kai. In ruwan ya yi ƙarfi sai ya rarake ƙasar da ke gefen kankaren ya bar rami, ramin kuma a ɓoye yake ƙarƙashin jan ruwa.

An taɓa yin asarar rayuka ta wannan hanya, ko tsoratarwa ce kawai?

An yi, kuma ba da daɗewa ba. A farkon Satumbar 2009 Telwa ta cika ta fasa madatsar da ke kare Agadas, ruwa ya shiga unguwanni, dubban gidajen ƙasa suka rushe. A Agustan 2024, a jihar Tawa, ruwa ya tafi da motoci biyu cike da 'yan kasuwa masu zuwa cin kasuwar Telemses, mutum fiye da 50 suka rasu. A wannan Agustan na 2024 dai, can cikin duwatsun Tibesti a arewacin Cadi, ambaliya ta kashe fiye da mutum 50, da yawansu masu haƙar zinariya ne. Da Satumba ta kama, kudu maso gabashin Maroko ya ga abin da ya daɗe bai gani ba: ƙauyen Tagunit ya samu sama da milimita 100 cikin awa 24, tafkin Iriki da ya shekara kusan 50 a bushe ya cika.

Labarin Tawa ya fi tsaya mini a rai. Mutane ne da suka fito neman abin sawa a baki, hanyar da suke bi kowane mako, da direbobin da suka san ta kamar tafin hannunsu.

Mota mai ƙarfi irin Hilux ko Land Cruiser ma ba za ta iya ƙetarewa ba?

Ƙarfin inji ba ya amfani in taya ta rabu da ƙasa. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana iya kayar da babban mutum. Santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, santimita 60 kuwa yana tafiya da yawancin manyan, har da masu jan taya huɗu. Ruwa lita 1,000 nauyinsa tan 1 ne, wanda ya haɗu da laka da tsakuwa ya ma fi haka, kuma gefen mota yake duka. Ga motocin hamada da lodi har sama, mutane a kan kaya ƙafafu na reto. Da ruwa ya ture ta kaɗan sai ta kifa.

Ko ruwan bai tafi da ita ba, akwai inji. In ya shaƙi ruwa ta inda yake shan iska, nan take zai tsaya, ƙarafan cikinsa su lanƙwashe, domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Wanda motarsa ta mutu a tsakiyar ruwa kada ya sake murza makulli, ƙara lalata ta zai yi. Bayan an fito a duba baƙin mai: in ya koma fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga. Birki ma ba ya kamawa sosai sai ya bushe.

Me direba mai hankali yake yi in ya iske ƙorama ta kawo?

Yana kashe mota a kan tudu ya jira. Ruwan ƙorama ba kogi ba ne, yadda ya zo da sauri haka yake janyewa, sau da yawa cikin awoyi, wani lokaci kwana ɗaya ko biyu. Akan kafa sanda ko a ajiye dutse a bakin ruwan, a riƙa leƙawa ana ganin ko yana hawa ko yana sauka. In ya sauka, gudunsa ya mutu, sai yaron mota ya naɗe wando ya shiga da sanda yana caccakar ƙasa, yana neman inda take da tauri da inda rami yake. Inda mutum ya kasa tsayawa da ƙafarsa, mota ba ta da dalilin shiga. Sannan a sauke fasinja, mota ta shiga da ƙaramar giya, ba tsayawa ba canja giya, ɗaya bayan ɗaya, da igiya a shirye. Da dare kuwa ba a gwadawa sam.

Wahalar ba ta sanin wannan ba ce, kowane direba ya sani. Wahalar fasinja ce. Wannan yana cewa kasuwa za ta watse, wancan yana cewa, "Haba direba, ga wata can ta wuce!" Mai mota kuma yana jiran kuɗin lodi. A ganina duk fasinjan da ya matsa wa direba ya shiga ruwa yana da kaso a abin da ya biyo baya, kuma direban da ya toshe kunne ya ce ba zai shiga ba ya cancanci a gode masa, ba a zage shi ba.

Ba za a iya kewayewa ta wani wuri ba?

Wani lokaci ana iyawa, in da jagora wanda ya san ƙasar. In babu, kewaye ya fi jira haɗari. Hanyar hamada ba komai ba ce face sawun motocin da suka riga ka, da 'yan alamu na duwatsu ko tsofaffin tayoyi. Ruwa yakan shafe sawun, ya sauya fasalin ƙoramar kanta. Na'urar nuna hanya za ta gaya maka inda kake, ba za ta gaya maka cewa gabanka taɓo ne ba. Mai da aka auna daidai tafiya yakan ƙare a kewaye. Kuma a wasu sassan arewacin Nijar da Tibesti akwai nakiyoyin da rigingimun baya suka bari a ƙasa, wanda ya sa barin sawun da aka sani ba abin wasa ba ne.

In dai jira ne maganin, ina matsalar take?

Jiran yana cin guzuri. Daga Agadas zuwa Dirku sama da kilomita 600 ne babu kwalta, kuma mutane da yawa suna ɗaukar ruwa da gari da dabino daidai kwanakin da aka ce musu za a yi. In laka ta riƙe mota kwana uku, sai a koma ga ƙishirwar nan da aka tsorata tun farko, ga zafin Agusta, ga jan ruwa a gabanka wanda in ka sha shi haka nan gudawa za ta kama ka. Dole a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle, a tafasa. Da an bar gari kaɗan waya ba ta kamawa, sai mai Thuraya, wayar tauraron ɗan Adam, ne zai iya sanar da 'yan'uwa halin da ake ciki.

Ba matafiya kaɗai abin ke taɓawa ba. Mai naƙuda a ƙauyen Abzin da ake son kai wa asibitin Agadas ita ma a bakin ƙoramar take jira. Kayan lambu na lalacewa a kan mota, mai da hatsi na tsada a garuruwan da aka yanke.

Saboda haka wanda tafiya ta kama da damina ya ƙara ruwa da abinci na kwana biyu ko uku a kan lissafinsa, ya riƙe maganinsa a jiki in yana da ciwon da ke bukatar sha kullum, kada motarsu ta tafi ita kaɗai, kuma ya bar wa na gida labarin hanyar da za a bi da ranar da ake sa ran isa. A tasha ya tambayi direbobin da suka shigo ranar, ba na makon jiya ba.

Wane lokaci ne ya fi dacewa da tafiya?

Daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu. Ƙoramu sun bushe, laka ta yi tauri, zafi ya sauka, sai dai sanyin dare da hazo. Ayarin gishiri da ke tashi daga Abzin zuwa Fashi da Bilma tun kaka da kakanni a wannan tsakani yake fita, bayan damina ta ɗauke, raƙuma sun ƙoshi da sabuwar ciyawa, an kuma ɗaure musu wadda za su ci a Tenere inda ba a samun ko tsinke.