Waiwaye: tarihin taragun da ke kai wa layin dogo tsakuwa

Tsakuwar da ke jibge a ƙarƙashin layin dogo ita ke ɗaukar nauyin jirgi ta rarraba shi a ƙasa. Ita ke riƙe katakai ko kankaren da ƙarfen dogo ke kwance a kansu don kada su gusa, kuma ta cikinta ruwan sama ke tsiyayewa. Fasasshen dutse mai kaifi ake so, wanda girmansa bai wuce santimita 3 zuwa 6 ba, domin masu kaifin ne ke cije juna. Sai dai yau da gobe nauyi kan niƙe shi, garinsa ya toshe hanyar ruwa, layi ya fara lotsawa. Dole a riƙa ƙara sabo, kuma dole a sami abin da zai kai shi tsakiyar dajin da mota ba ta shiga. Wannan larurar ce ta haifi taragun tsakuwa.

A farkon zamanin jirgin ƙasa a Birtaniya, wajen 1830 da aka buɗe layin Libaful zuwa Mancesta, abin da ya sawwaƙa ake zubawa: yashi, tsakuwar rafi, har da tokar kwal. Taragon kuwa akwatin katako ne mara rufi, ana saukar da gefensa, leburori su hau da shebur su yi ta kwasa. Da jirage suka ƙara nauyi da gudu a ƙarshen ƙarni na 19, toka ta gaza, aka koma ga fasasshen dutse. Shebur ma ya gaza, aka ƙero tarago mai ciki kamar mazurari, mai ƙofofi a ƙasa, dutse ya riƙa zuba da nauyin kansa.

Kamfanin London and South Western Railway na cikin waɗanda suka yi nisa a wannan fanni. Yana da wurin fasa dutse a Meldon da ke yankin Devon, kuma a farkon shekarun 1900 ya samar da taragun ƙarfe masu ƙafa takwas da ke ɗaukar tan 40. Wannan fasali ya yi ƙarko matuƙa, don an ci gaba da ƙera irinsa da 'yan gyare-gyare har bayan shekara 70.

Bayan da gwamnati ta haɗe kamfanonin jiragen ƙasa ta kafa British Railways a 1948, an ƙera taragun injiniyoyi masu ɗimbin yawa, aka raɗa musu sunayen halittun ruwa don saƙon waya ya yi gajarta. Catfish na ɗaukar tan 19, a tsakiyar layi kawai yake zubawa. Dogfish na ɗaukar kimanin tan 24. Mermaid karkata gangar jikinsa yake yi ya juye kaya a gefe. Sealion da Seacow su ne jikokin taragun Meldon masu tan 40, Whale kuma tan 50.

Yadda ake aiki da Dogfish abin kallo ne. A ƙarshen taragon akwai ɗan dandamali da sitiyarin ƙarfe uku: ɗaya na buɗe ƙofar dama, ɗaya ta hagu, ɗaya ta tsakiya. Jirgi na tafiya a hankali daidai da takun mutum, ma'aikaci na tsaye yana murɗawa, idonsa na kan wanda ke ƙasa yana yi masa alama da hannu, ga ƙura ta turnuƙe, ga ƙarar dutse ba ka jin maganar na kusa da kai. In ya buɗe da yawa, tsakuwa ta binne ƙarfen dogo har ta iya sauke tarago daga kan layi. In ya rage, a bar rami. A bayan jerin sai taragon Shark, mai garmar ƙarfe a ƙarƙashinsa, ya bi yana baje tsakuwar yana share kan dogo. Gwanintar hannu ce da sai an daɗe ana yi ake samunta, kuma a ganina tana cikin abin da ya kamata a adana tare da ƙarfen.

Abu biyu ne suka kawo ƙarshen zamaninsu. Na farko injina. Kamfanin Matisa na Suwizalan, wanda aka kafa a 1945, da Plasser & Theurer na Ostiriya a 1953, sun fito da na'urorin da ke danna tsakuwa da masu tace ta, aiki ya yi saurin da tsofaffin taragu ba za su iya ciyar da shi ba. Na biyu birki. Yawancin ƙananan taragun na amfani da tsohon birki mai aiki da zuƙe iska, alhali tun ƙarshen shekarun 1960 aka fara komawa ga mai aiki da matsa iska. Bayan an miƙa kula da layuka ga kamfanin Railtrack a 1994, sannan kamfanin Network Rail a 2002, aka yawaita taragun da ake buɗe ƙofofinsu da rimot daga nesa. Ɗaruruwan tsofaffin suka tafi wurin masu yanka ƙarfe.

Waɗanda suka tsira, buƙata ce ta cece su. A 1951 'yan sa kai suka karɓi layin Talyllyn a Wels, wanda shi ne na farko a duniya da aka ceto ta wannan hanya. Layin Bluebell na Ingila ya biyo baya a 1960, kuma rahoton Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya, na 1963, da ya jawo rufe layuka masu yawa, ya ƙara yawan irin waɗannan ƙungiyoyi. Kowanne layi da suka farfaɗo da shi na buƙatar tsakuwa, sai suka riƙa sayen Dogfish da Catfish a matsayin kayan aiki. Tsohon birkin da ya sa aka kore su daga manyan layuka ma ya zo daidai, don shi ne injinan tururi ke amfani da shi.

Abin da ke damuna shi ne halin da suke ciki a can. Kuɗin gudummawa injin tururi yake bi, shi ke jawo 'yan kallo, shi ke kwana a rumfa. Taragon tsakuwa bai taɓa ɗaukar fasinja ba, don haka a waje yake kwana shekara da shekaru. Garin dutse ya jiƙe ya maƙale a kusurwoyin ciki, tsatsa ta ci farantin ƙarfe daga nan, sandunan ƙofa su cije saboda rashin giris. Shark ya fi shan wuya, tunda ɗakinsa na katako ne, ruɓewa yake yi. Na katakon ƙarni na 19 kuwa ƙalilan ne suka rage.

Akwai kuma saɓani tsakanin masu gyara. Wasu na cewa a bar shi yana aiki, in faranti ya huje a yanke a yi waldar sabo. Wasu na cewa kowace walda na cinye wani abu na asali, musamman a taragun da aka haɗa da ƙusoshin ƙarfe tun kafin walda ta yaɗu. Ni dai ina ganin nau'in da ke da yawa, irin Dogfish, a bar shi yana ɗaukar dutse, matasa su koyi murɗa sitiyarin daga dattawan da suka yi aikin. Wanda ya rage ɗaya ko biyu kuwa a wanke cikinsa, a auna shi, a ɗauki hotunansa tare da lambar da ke jikinsa, a shigar da shi rumfa kafin tsatsa ta kai ga gindinsa.