Motar tsere a Damagaram: tambayoyin da na gaji da amsawa

A garaji su ne, a fada su ne, har wajen suna sai wani ya jawo ni gefe. Ga amsoshin a wuri ɗaya, don Allah a bar ni in huta.

Akwai motar tsere mai araha?

Mai arahar saye akwai, mai arahar riƙo babu. Waɗanda masoya mota suka fi ambata su ne Golf GTI, da ta fara fitowa a 1976, da Mazda MX-5 ta 1989, da Toyota 86 da aka ƙera tare da Subaru a 2012. A nan garin ka ƙara tsohuwar BMW E46. Kafin ka biya, zaga wajen masu kayan gyara ka tambayi fanfon ruwanta. In an ce sai an aika Kano, ka san abin da ke jiranka.

In na sa babbar salansa gudu zai ƙaru?

A'a. Ƙara ce za ta ƙaru, da addu'ar maƙwabta a kanka bayan sallar isha'i.

Zan iya rage mata tsayi?

Ina za ka bi da ita? Toyota 86 tun daga kamfani santimita 13 ne ko kusa da haka tsakaninta da ƙasa. Ka sauka daga kwalta ka shiga lungunan Birni ko rairayin Garin Malam ka gani. Tudun rage gudu guda ya isa ya fasa maka kwanon baƙin mai.

MX-5 fa, mai buɗaɗɗen rufi?

Kujera biyu ce. A watan Afrilu ka buɗe rufin da azahar, ka dawo mu yi magana.

Ina so in ƙara wa injina turbo, ko a taɓa ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ta ƙara ƙarfi. Zai yiwu?

To, wannan ita ce tambaya. Yana yiwuwa, amma ya danganta da abubuwa da yawa, kuma ba na son gobe a ce ni na ce. Turbo iska yake dannawa cikin inji, iskar da aka danna tana zafi, mu kuma a bazara muna wuce digiri 40 a inuwa. Idan zafi ya haɗu da mai maras kyau, man yakan kama wuta kafin lokacinsa, ka ji inji yana ƙas-ƙas kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙarar ce ke huda fistan. Injin Toyota 86 matsin da yake yi wa iska da mai ya riga ya yi yawa, 12.5 ne tun asali, yana ba da ƙarfin doki wajen 200, wurin wasa kaɗan ne ya rage.

Sai batun mai. Matatar SORAZ tana kusa da mu tun 2011, amma da yawanku a wajen 'yan ruwa-ruwa, masu sayar da mai a kwalba, kuke sha. Ban ce duk nasu gurɓatacce ba ne, wasu mutanen kirki ne. Sai dai kwalbar da ta wuni a rana, ba ka san ta hannun wa ta biyo ba, ba da ita ake ciyar da injin da aka matsa wa lamba ba.

Idan motar da turbo ta zo daga kamfani, irin Golf 5 GTI, da ɗan sauƙi: an riga an yi mata mai sanyaya iska da fistan da za su jure. Taɓa ƙwaƙwalwarta kaɗan mai yiwuwa ya zauna lafiya, in lagireto mai kyau ne, fanka tana tashi kan lokaci, kulocin bai fara zamewa ba, kuma wanda zai yi aikin yana da na'urar duba abin da injin ke yi, ba kwafo abu daga intanet ya ɗora ba. Ko da hakan, ka adana saitin asali. Idan kuwa ba da turbo aka haife ta ba, kuɗin aikin da za a yi daidai sau da yawa ya kai ka sayar da ita ka nemi wadda ta zo da shi. Na ga wadda ta jure, na ga waɗanda ke kwance bayan garaji awaki na kwana ƙarƙashinsu.

Matatar iska mai buɗewa, irin ta masu tsere?

Da ƙurar hunturun nan? Bar ta kamfani, ka riƙa canzawa da wuri.

A gida ana cewa son mota almubazzaranci ne. Haka ne?

Kwantar da hankalinka, ƙanena. Wani doki yake kiwo, wani tantabaru, kai mota. In cefane bai tsaya ba, babu laifi. Fara da tayoyi masu kyau, birki da lagireto. Ba mai gani a fada, amma kai za ka ji a sitiyari.

A ina zan gwada gudunta?

Ba a ayarin kai amarya ba. Ku masu juya mota kuna ta da ƙura tsakiyar 'yan kabu-kabu da yara, ku ne kuka sa ake zagin duk mai son mota. Kunya ba ta kama ku?

In na canza inji ko fenti, sai na gyara takardu?

Eh. Je ka a daidaita kart giriz, wato takardar rajistar motar, da abin da ke jikinta, ka sanar da masu asirans, tun jandarma bai buɗe bonet ba.